Yadda ake sarrafa aikatau «andare» na Italiyanci a kowane yanayi da lokaci

Satina na farko a wani sito da ke arewacin Italiya, mai gidana ya ƙwala mini kira daga can ƙarshen ɗakin. Na ɗaga murya na amsa da "Vado!", ina nufin ga ni nan zuwa. Mutumin ya saki baki yana kallona, don abin da na faɗa masa shi ne na tafi. Ba wani ya ja mini wannan ba sai Hausata: a wurinmu "zuwa" ɗaya ce ke yi wa "je" da "zo" aiki, ka ce ina zuwa kasuwa, ka kuma ce ina zuwa idan an kira ka. Italiyanci ya raba su, andare na tafiya can, venire na zuwa wurin wanda kake magana da shi. Tun daga ranar na ɗaura wa andare ɗamara, kuma na sha zaunar da sababbin zuwa in jera musu shi a takarda, musamman masu shirin jarrabawa. Tun 2010 ana neman shaidar jin Italiyanci matakin A2, wato na masu ɗan ƙaramin sani, kafin a ba mutum takardar zama ta dogon lokaci, tun ƙarshen 2018 kuma ana neman B1, matakin da ke gaba da shi, ga mai son zama ɗan ƙasa.

Littafin nahawu zai nuna maka yanayi 7 da lokuta 21, gabanka ya faɗi. Kwantar da hankalinka. Andare bauɗaɗɗe ne, amma bauɗewarsa a wurare ƙalilan take. Aikinmu shi ne mu gano wuraren mu shafa musu jan biro, sauran kuma su bi layi kamar kowane aikatau mai ƙarewa da -are.

Kayan aiki

Nemi takarda mai faɗi, irin wadda za ka iya mannawa a bango. Bayan kalanda ma ya yi. Littafin rubutu bai kai ta ba, don so ake idonka ya ga komai a kallo ɗaya. Sai biro kala uku: baƙi na siffofin da ke bin ƙa'ida, ja na masu bauɗewa, shuɗi na aikatau mataimaki, wato wanda ake sawa a gaba a lokuta masu kalma biyu. Idan biro ɗaya gare ka, ja layi a ƙarƙashin masu bauɗewa, ka zagaye mataimakin. Kana kuma bukatar ƙamus na kirki. Na Treccani da ke intanet kyauta ne, kuma a farkon bayanin kowane aikatau yana jera siffofinsa masu bauɗewa cikin baka, ya faɗi mataimakinsa. In babu data, duba shafukan ƙarshe na littafin da ake koyarwa da shi a makarantun manya na gwamnati, wato CPIA. Jadawalin aikatau yakan kasance a can. Ka sanya allon rubutun Italiyanci a wayarka domin samun è da ò da à. Na ƙarshe, wanda ya fi duka amfani, mutum mai jin harshen da zai saurare ka. Idan ba ka da shi, naɗi muryarka a waya ka kwatanta da ta masu karanta labarai.

Mataki na 1: Rula takardar

Rubuta wakilan suna shida a gefen hagu: io (ni), tu (kai ko ke), lui/lei (shi ko ita), noi (mu), voi (ku), loro (su). A kusa da lui/lei ƙara Lei da babban baƙi. Wannan ita ce siffar girmamawa: inda Bahaushe zai ce wa babba "ku", ɗan Italiya yana ce masa "ita", namiji ne ko mace. Abin da ban dariya a farko, amma haka za ka yi magana da likita da ɗan sanda da ma'aikacin ofis.

A sama kuma ka raba gidaje huɗu manya: indicativo na ba da labarin abin da yake tabbas, congiuntivo na zato da buri, condizionale na "da na je", imperativo na umarni. Ka bar ɗan fili a ƙasa saboda ƙananan yanayi uku da ba sa canzawa da wakilin suna.

Mataki na 2: Lokaci mai ci, inda duk rigimar take

Rubuta su a layi biyu, uku a hagu uku a dama:

vado — andiamo
vai — andate
va — vanno

Yanzu ɗauki jan biro ka zagaye vado, vai, va da vanno da layi ɗaya. Abin da ya fito kamar doguwar takalmin soja ne, kamar taswirar ƙasar kanta. Na cikin takalmin daga wata saiwa daban suka fito, aikatau na Latin vadere, na waje kuma suna riƙe da and- ɗinsu. Kada abin ya zame maka baƙo, mu ma muna cewa "na je" amma "ina zuwa", ba wanda ya taɓa cewa "ina jewa".

Akwai dalilin da ya sa rabon ya faɗi haka, kuma shi kaɗai ne ilimin da zan ɗora maka. Karanta da ƙarfi kana danna gaɓar da na rubuta da manyan baƙaƙe: VA-do, VA-i, VA, an-DIA-mo, an-DA-te, VAN-no. Duk inda nauyin murya ya faɗa kan saiwar kalma, va- ce ke fitowa. Inda ya faɗa kan ƙarshen kalma, and- ta tsaya. Wanda ya riƙe wannan ba zai taɓa cewa "ando" ko "vadiamo" ba.

Gargaɗi biyu. Hausa ba ta da sautin v, don haka bakinmu yakan mayar da shi b. Sai vado ya koma "bado", wanda a wurinmu tsiron tafki ne, a wurinsu kuma wani aikatau ne daban mai nufin ina kula. Ɗora haƙoranka na sama a kan leɓen ƙasa, ka bar iska ta fita da murya. Na biyu, va ba ya ɗaukar alama a kansa. "Và" kuskure ne ko da ka gan shi a saƙon ɗan ƙasa. Idan kuma ka ji mutumin Tuskani ya ce vo a maimakon vado, bai yi kuskure ba, karin yankinsu ne. Kai dai ka rubuta vado.

Mataki na 3: Huta da baƙin biro

Cire -are, and- ta rage, ka liƙa mata ƙarshen da kowa ke ɗauka. Imperfetto, na abin da aka saba yi a da ko ake cikin yi: andavo, andavi, andava, andavamo, andavate, andavano. "Da bambino andavo a scuola a piedi", ina yaro da ƙafa nakan je makaranta. Kula da na ƙarshe, an-DA-va-no ake cewa, nauyin ba ya kan -va-.

Passato remoto, na abin da ya wuce tun tuni, shi ma lafiya lau yake: andai, andasti, andò, andammo, andaste, andarono. A arewa da wuya ka ji shi a bakin mutane, a kudu da Tuskani yana raye, a littattafan labari da na tarihi kuwa shi ne sarki. Mai shirin A2 ya gane shi idan ya gani, ya wuce. Kada ka ɓata dare a kansa.

Mataki na 4: Wasalin da ya faɗi

Bisa ƙa'ida, lokaci mai zuwa "anderò" ya kamata ya zama, kamar yadda parlare ke ba da parlerò. Amma e ɗin ya faɗi, saiwar ta koma andr-. Da jan biro: andrò, andrai, andrà, andremo, andrete, andranno.

Kada ka ajiye biron, don condizionale a kan wannan saiwar yake zaune: andrei, andresti, andrebbe, andremmo, andreste, andrebbero. Wannan doka ce da ba ta da togiya a Italiyanci, saiwar lokaci mai zuwa ita ce ta condizionale a kowane aikatau. Ka samu ɗaya, ka samu biyu.

A nan ne ake zubar da maki. Andremo da m ɗaya, za mu je. Andremmo da m biyu, da mun samu hali da mu je. Kunnen Bahaushe ya fi na Bature da yawa dacewa da wannan, tunda mun san bambancin "mana" da "manna". Ka dai riƙe m ɗin kamar yadda kake riƙe n a "manna". Haka andò (ya tafi tun tuni) da andrò (zan je), r guda ce tsakaninsu.

Wani tarko kuma daga Hausa yake. "Za" ɗinmu na "zan ci" asalinsa na tafiya ne, shi ne na "ina za ka?". Wanda ya yi Faransanci a Nijar ma ya saba gina lokaci mai zuwa da aikatau na tafiya. Italiyanci ba ya yin haka. "Vado a mangiare" yana nufin ka miƙe ka nufi wurin cin abinci. Idan nufinka zan ci kawai, mangerò za ka ce, ko ma mangio tare da kalmar lokaci, kamar domani, gobe.

Mataki na 5: Congiuntivo

Koma kan vado. Cire -o, sa -a. Ka samu vada, kuma shi ne na io da tu da lui/lei gaba ɗaya: vada, vada, vada, andiamo, andiate, vadano. Takalmin nan ya sake fitowa. Tunda ukun farko iri ɗaya ne, sai an ambaci wakilin suna don a san wa ake nufi: che io vada, che tu vada.

Za ka ji wasu suna cewa "vadi", har da 'yan ƙasa, don sauran masu -are da -i suke ƙarewa a nan, kamar parli. Kuskure ne da ake yi wa dariya. Vada ne, jam'insa VA-da-no.

Yaushe ake amfani da shi? Rabinsa mun riga mun sani. "Ina so ka je", "gara ya je", "kafin su je": a duk waɗannan Hausa tana amfani da wata siffa dabam da ta ba da labari, kuma nan ne Italiyanci ke sa congiuntivo. Voglio che tu vada, è meglio che vada, prima che vadano. Rabin da ba mu saba ba shi ne bayan zato da shakka: penso che vada a Roma, ina jin Roma za shi. Amma idan mai so da mai tafiya mutum ɗaya ne, ba a sa che ko kaɗan: voglio andare, ina so in je, penso di andare, ina tunanin zuwa. Wanda ya fassara "ina so in je" kalma bayan kalma zai fito da "voglio che io vada", ba a faɗin haka.

Imperfetto na congiuntivo baƙin biro ne: andassi, andassi, andasse, andassimo, andaste, andassero. Shi ke aure da condizionale a jimlar "da": se andassi a Milano, andrei in treno, da a ce Milan za ni, da jirgin ƙasa zan bi. Ka lura, bayan se na sharaɗi andassi ke zuwa. "Se andrei" na cikin kurakuran da malamai ba sa yafewa.

Mataki na 6: Shuɗin biro da lokuta masu kalma biyu

Rabin jadawalin a nan yake, kuma da dabara ɗaya ake cika shi: mataimaki, sai andato. Mataimakin andare essere ne, aikatau na kasancewa. "Ho andato" ba Italiyanci ba ne, ko da bakinka ya saba da ho mangiato da ho lavorato.

Tunda essere ne, ƙarshen andato yana bin jinsi da adadin mai tafiya: namiji andato, mace andata, maza ko gauraye andati, mata zalla andate. 'Yar'uwa, ke "sono andata" za ki ce. Mu da muke raba "ya tafi" da "ta tafi", da "ka" da "kin", wannan ba zai gagare mu ba, sai dai a nan har "ni" da "mu" suna nuna jinsi.

Yanzu rubuta essere da shuɗi a kowane gida, ka bi shi da andato:

Passato prossimo, "na je" na hirar yau da kullum: sono, sei, è andato/a, siamo, siete, sono andati/e.
Trapassato prossimo, na riga na je kafin wani abu: ero, eri, era, eravamo, eravate, erano.
Futuro anteriore, na abin da zai riga ya faru kafin wani lokaci mai zuwa: sarò, sarai, sarà, saremo, sarete, saranno.
Congiuntivo passato: sia, sia, sia, siamo, siate, siano.
Congiuntivo trapassato: fossi, fossi, fosse, fossimo, foste, fossero.
Condizionale passato: sarei, saresti, sarebbe, saremmo, sareste, sarebbero.

Akwai na bakwai, trapassato remoto, fui andato. Rubuta shi don takarda ta cika; ban taɓa jin mai rai ya faɗe shi a hira ba.

Biyu daga cikinsu sun cancanci a tsaya musu. Jimlar nadama tana haɗa fossi da sarei: se fossi andato prima, sarei già tornato, da na je da wuri, da tuni na dawo. Sannan idan kana ba da labarin alkawarin da wani ya yi a baya, "ya ce zai je", condizionale passato ake sawa: ha detto che sarebbe andato. Wannan ya daɗe yana ba ni wahala, don a kunnena kamar ana cewa "da ya je" ne. Futuro anteriore kuma yana da aikin gefe na hasashe: an tambayi ina wane, ka ce sarà andato a casa, wataƙila gida ya tafi.

Idan essere bai zauna maka ba tukuna, dakata a nan ka koma masa kwana biyu. Gini a kan rairayi za ka yi in ka tsallake.

Mataki na 7: Umarni

Kusan duk aro ne daga gidajen da ka riga ka cika. Ga aboki ko yaro: vai ko va' mai ɗauke da waƙafin sama, duka biyun daidai ne. Ga wanda kake girmamawa, daga congiuntivo: vada. Mu je: andiamo. Ku je: andate. Vadano na jam'in girmamawa ya zama na manyan otal da tsofaffin takardu.

Tambayi hanya a titi za ka ji "vada dritto", miƙe sosai ranka ya daɗe. Kai ma haka za ka ce wa dattijo. Ce masa "vai" kamar ka ce wa sa'an mahaifinka "kai, je ka" ne. Hani ga tu kuma ba "non vai" ba ne, aikatau ɗin ake dawo da shi ɗanye: non andare, kada ka je. Idan aka liƙa wa va' ƙaramin wakili, baƙin farko yana ninkuwa: vacci, je can, vattene, tafi ka ba ni wuri. Wannan ta biyun daga andarsene take, barin wuri, mai tafiya haka: me ne vado, te ne vai, se ne va, ce ne andiamo, ve ne andate, se ne vanno. Ka san ta, amma ka yi hattara da wanda za ka jefa wa vattene.

Mataki na 8: Cike filin ƙasa

Infinito, ɗanyen aikatau: andare, essere andato. Gerundio: andando, essendo andato, shi ke ba da sto andando, ina kan hanya yanzu haka. Participio: andato, da andante wanda masu kiɗa suka mayar sunan wani taki na matsakaicin sauri. Shi ke nan.

Mataki na 9: Sa masa ƙafa

Aikatau na tafiya ba ya amfani sai da inda za a. Gari yana ɗaukar a: vado a Napoli. Ƙasa tana ɗaukar in: vado in Italia, in Niger, in Ghana. Wurin mutum da: vado dal medico, da mio fratello. Abin hawa in treno, in autobus, amma a piedi. Sai waɗanda haddacewa kawai ake yi: a casa, a scuola, al mercato, in ufficio, in moschea. Rubuta jimla ɗaya ta rayuwarka a ƙarƙashin kowane gida na jadawalin, da unguwarka da wurin aikinka. Jimlar da ta shafe ka ta fi zama a kai fiye da ta littafi.

Ka kuma buɗe kunne ga wuraren da andare ba tafiya yake nufi ba. Come va? yaya dai. Va bene, to madalla. Non mi va, ba na sha'awa. Va firmato qui, a nan ya wajaba a sa hannu. Wannan za ka ji shi duk ranar da ka je cike takardu.

Mataki na 10: Rufe takarda, sannan ka gwada da wani aikatau

Ni yadda nake yi wa ɗalibaina, ba na barin su rera jadawalin daga io zuwa loro kamar karatun allo, don mai yin haka sai ya faro daga sama kafin ya kai ga "su". Ka yanka ƙananan takardu, kashi ɗaya wakilan suna, kashi ɗaya sunayen lokuta, ka zuba a hula biyu. Zaro ɗaya nan ɗaya can: voi da condizionale, andreste. Loro da congiuntivo, vadano. Minti goma bayan sallar asuba ya fi awa biyu ranar Lahadi. Wanda ka kuskure sau biyu, rubuta shi a bayan hannunka ka wuni da shi.

Idan andare ya zauna, tambayoyi biyar za ka yi wa duk wani bauɗaɗɗen aikatau: mene ne io ɗinsa a lokaci mai ci, mece ce saiwarsa ta lokaci mai zuwa, yaya participio ɗinsa yake, wane ne mataimakinsa, kuma yaya io yake a passato remoto. Venire zai amsa da vengo, verr-, venuto, essere, venni. Daga vengo ka fitar da venga, daga verr- ka fitar da verrò da verrei. Uscire, fita, yana da takalmi irin na andare sak: esco, esci, esce, usciamo, uscite, escono. Fare zai ba ka faccio, far-, fatto, avere, feci, amma shi yana da ƙarin wayo, imperfetto ɗinsa facevo ne, daga tsohuwar siffarsa ta Latin facere.

Dabarar cire -o a sa -a ba ta cin essere, avere, sapere, dare da stare; nasu sia, abbia, sappia, dia, stia ne, sai hadda. Kuma kada andassi ya ruɗe ka ka ce "dassi" ko "stassi" don ka ga su ma da -are suke ƙarewa. Dessi da stessi ake cewa. Waɗannan biyar ɗin kowannensu sai ka ba shi bayan kalandarsa daban, ka fara da essere tunda rabinsa yana nan da shuɗin biro a bangonka.